Bindiga a Ɗane, a Ƙugu, Ba Kube

Ranar Lahadi, kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Kazaure da Daura takan cushe a Ɗambatta. Ga manyan motocin shanu, ga a-kori-kura, ga babura da tumaki ɗaure a baya suna ta kuka. A kara, cinikin miliyoyi ake yi a tsaye, kuma har gobe akwai mai dabbar da bai yarda da kuɗin waya ba, sai ya ƙirga takardu da yatsunsa ya cusa a aljihun 'yar ciki. Mutumin da ya sayar da bijimai biyu ya kama hanyar ƙauye da la'asar sakaliya ya san abin da yake ɗauke da shi, ya kuma san ba shi kaɗai ya sani ba. A irin wannan hali ne maganar "a riƙe wani abu a jiki" take samun kunnen saurare.

Ɗambatta ba Batsari ba ce, ba kuma Zurmi ba. Ƙasa ce ta gonaki kafaɗa da kafaɗa, gari na hango gari, babu ƙungurmin daji irin Rugu ko Falgore da ɓarayi za su kafa sansani a ciki. Amma labari ba ya neman iso. Tun 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisin bindiga a masarautun jihar. A 2025 kuma hare-haren ɓarayin daji suka tsallako iyaka suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, cikin jihar Kano kanta. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi ya ji yadda gardamar take tafiya: wannan ya ce gwamnati ta gaza, wancan ya ce ranar da kowa ya riƙe bindiga, ranar zaman lafiya ya ƙare.

A ƙarƙashin wannan babbar gardama akwai wata ƙarama da ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali ita ce ta fi saurin kai mutum asibiti. Wanda ya riga ya mallaki ƙaramar bindiga, ta halak ko ta haram, yaya yake ɗaukar ta? Amsar da ake yawan ji ita ce: a sa mata harsashi, a ɗana ta, a soke a ƙugu, a saki riga a kai. Ba kube, ba komai. Hujjar kuwa guda ce tal, wai in ta ɓaci ba a tsayawa gyara.

Ƙananan bindigogi gida biyu ne. A gida na farko kunama aiki biyu take yi: in an ja ta, ita za ta tayar da 'yar gudumar da ke bayan bindigar, sannan ta sake ta ta daki gindin harsashi. Wannan ja yana da tsawo, yana da nauyi. A libarba irin wadda 'yan sandan ƙasashe da yawa suka daɗe suna ratayawa, sai yatsa ya sa ƙarfin kusan kilo biyar. A gida na biyu, wanda shi ne abin magana a nan, kunama aiki ɗaya ta sani, wato sakin gudumar da aka riga aka ɗana, ko da babban yatsa ko da jan saman bindigar baya. Tunda an gama aikin ƙarfin tun farko, abin da ya rage kaɗan ne: ƙarfin kilo biyu ko ƙasa da haka, da motsin 'yan milimita. Wanda ya taɓa ɗana tarkon ƙarfe a bakin ramin gafiya ya san yanayin. Ƙarfin duka yana cikin ƙarfen da aka tanƙware, abin da ke riƙe da shi ɗan harshe ne da aka ɗosana, kuma tarkon bai san bambancin ƙafar gafiya da yatsan mai shi ba.

Wannan sauƙin ja ba aibi ba ne a wurin mai saiti. Shi ne ma abin da ya sa masu gasar harbi suke son irin waɗannan bindigogi, domin hannu ba ya karkacewa wajen jan kunama. Matsalar tana farawa ne bayan an sauke hannu, lokacin da za a ajiye abin a jiki a ci gaba da harkokin duniya.

Wani zai ce ai da sauƙi, a kwantar da gudumar a hankali a kan harsashin, in ya so sai a ɗana lokacin buƙata. Turawan yammacin Amurka sun gwada haka, sun ji a jikinsu. Libarbar Colt ta 1873, wadda ake gani a finafinan kaboyi, tana ɗaukar harsashi shida, amma in gudumarta tana kwance, tsininta kan gindin harsashi yake, ko dab da shi. Duka ɗaya a bayan gudumar ya isa. A watan Janairun 1876, a garin Wichita na jihar Kansas, wani ɗan sanda mai suna Wyatt Earp, wanda daga baya ya zama gwarzon labaran bindiga na Amurka, yana zaune a ɗakin baya na wata mashaya sai libarbarsa ta zame daga kube, gudumar ta bugi kujera, bindiga ta tashi. Harsashin ya huda kwat ɗinsa, ya daki bango, ya fice ta rufi. Jaridar garin ta buga labarin har da yadda mutanen ɗakin suka yi rige-rigen ƙofa. A lura, shi wannan ma da kubensa, sai dai kuben bai riƙe ba. Saboda irin haka ne tsofaffin hannu suka koma sa harsashi biyar a bindiga mai cin shida, su kwantar da gudumar a kan ramin da babu komai. Mutanen da ke kwana da tashi da bindiga sun gwammace su rasa harsashi guda a faɗa a kan su rasa ƙafa a kan sirdi.

Kusan shekara ɗari aka yi ana fama da wannan ciwo. Kamfanin Ruger, wanda ya farfaɗo da irin wannan libarba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya sha gurfana a kotu a kan bindigogin da suka faɗi ƙasa suka tashi. A 1973 ya sake ƙira, ya sa wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da allurar da ke dukan harsashi, wanda ba ya hawa wurinsa sai an ja kunama har ƙarshe. Daga 1982 kuma ya shiga kiran masu tsofaffin bindigogin su aiko a gyara musu kyauta. Kamfani ba ya irin wannan asara don nishaɗi.

To amma akwai masu ɗaukar bindiga a ɗane da gangan, kuma ba mahaukata ba ne. Sai a ba su haƙƙinsu. Fistol ɗin da John Browning ya ƙera, wadda sojan Amurka ya karɓa a watan Maris na 1911 ya riƙe har 1985, an yi ta ne da tunanin sojan doki, mai linzami a hannu ɗaya da bindiga a ɗayan. Tana da makulli biyu. Ɗaya ɗan maɓalli ne a gefe da ake turawa sama da babban yatsa ya ƙulle gudumar a ɗane. Ɗayan yana bayan mariƙi, ba ya sakin kunama sai tafin hannu ya damƙe bindigar sosai. A 1983 kamfanin Colt ya ƙara na uku a cikin ciki, mai tare allurar. Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar koyon harbi a Arizona, ya shafe rayuwarsa yana koyar da cewa hanya mafi kyau ta ɗaukar wannan bindiga ita ce harsashi a ciki, guduma a ɗane, makulli a rufe. Almajiransa na nan da yawa har yau, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: kwantar da guduma da yatsa a kan harsashi shi kansa haɗari ne, domin yatsa mai gumi yana zamewa.

Sai dai akwai abin da masu kwaso wannan ra'ayi daga bidiyon waya suke tsallakewa. Duk maganar Cooper a kan bindigar da ke cikin kube yake yin ta, kube mai tauri da aka ɗinka daidai jikin wannan bindigar, a kan ɗamara mai ƙarfi, a jikin mutumin da ya maimaita zaro ta da mayar da ita har hannunsa ya haddace. Sojan Amurkan ma da suka mallaki bindigar ba su saki jiki haka ba: littafin horonsu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya umarci soja ya bar bakin bindigar ba harsashi matuƙar ba a sa ran faɗa nan kusa, ya ɗana ta ne kawai in an ga alamar za a gwabza. Kubensu kuma na fata ne mai murfi. Sojoji da 'yan sandan Isra'ila sun shahara da irin wannan tsari na barin baki fayau, su ja saman bindigar lokacin zarowa. Fistol ɗin Tokarev ta Rasha, wadda kwafinta na ƙasar Sin ya bazu a duniya, ainihin ƙirarta ma ba ta da maɓallin makulli ko ɗaya. Mai soke ta a ƙugu a ɗane ba shi da abin da ya tsaya tsakaninsa da harsashi sai sa'a.

Me kube yake yi da har ake wannan dogon zance a kansa? Abu na farko, yana rufe kunama ta yadda babu abin da zai shiga wurinta, yatsa ne ko tsumma. Yana riƙe bindigar a wuri ɗaya, baki na kallon inda aka nufa, ko mutum ya yi gudu ko ya faɗi. A bindiga mai maɓalli kuma, yana kare maɓallin daga gogar jiki, domin makullin da yatsa ke buɗewa da ɗan turi, gefen wando ma yana iya buɗe shi mai shi bai sani ba.

Yanzu a dubi mutumin nan na hanyar ƙauye da kyau. Wandonsa na yadi ne mai santsi, mazagi ke riƙe da shi. Ya soke bindigar a gaban ƙugu, bakinta na kallon cinya da mara. A sama ga 'yar ciki, ga kaftani, wataƙila da guru ko laya mai igiya tana lilo a daidai wurin. Ya ɗaga ƙafa ya haye babur, ciki ya danno mariƙin gaba. Hanya ta burji ce, ruwan damina ya zaizaye ta, kowane rami sai bindigar ta ɗan nutsa ƙasa kaɗan. A bakin gari ya tsaya ya durƙusa gaida wani dattijo. Ya tsuguna ya yi alwala. Ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya zauna tahiya a sahu, kafaɗarsa na gugar ta maƙwabci. Ya isa gida, ƙaramin ɗansa ya sheƙo da gudu ya rungume shi daidai ƙugu. A cikin wannan yini guda bindigar ta motsa sau babu adadi, kuma ba a ko ɗaya daga cikin motsin da ya kasance hankalin mai ita yana kanta. Mafi muni shi ne lokacin da ya ji tana zamewa cikin wando. Hannu ba ya shawara da ƙwaƙwalwa a irin wannan lokaci, cafka kawai yake kaiwa, kuma yatsun da suka kai cafka dunƙulewa suke yi a kan duk abin da suka samu.

Haka ta faru da Plaxico Burress, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya ci wa ƙungiyar New York Giants ƙwallon da ta ba ta kofi a watan Fabrairun 2008. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara ya shiga wani gidan rawa a birnin New York da fistol ƙirar Glock soke a ƙugun wando, ba kube. Bindigar ta fara zamewa, ya kai hannu ya tare ta, ta tashi ta huda masa cinya. Ya rayu, amma aka yanke masa ɗaurin shekara biyu saboda ba shi da izinin riƙe ta a jihar, ya fito a 2011 bayan ganiyarsa ta wuce. Glock ba ta da guduma a waje, kuma kunamarta ta fi ta Browning nauyi. Duk da haka cafka ɗaya ta wadatar.

Aljihu ma bai fi ƙugu ba. Labarin da ya fi kowane ban takaici a wannan fanni na wani lauya ne, Clement Vallandigham, tsohon ɗan majalisar wakilan Amurka daga jihar Ohio. A watan Yunin 1871 yana kare wani mutum, Thomas McGehan, da ake tuhuma da harbe wani a faɗan mashaya. Hujjar lauyan ita ce mamacin shi ya harbi kansa wajen ƙoƙarin zaro bindiga daga aljihu yana miƙewa. A ɗakin masaukinsa a garin Lebanon ya ce bari ya nuna wa abokan aikinsa yadda abin ya auku. Ya ɗauki bindigar da ya zaci babu komai a cikinta, ya sa a aljihu, ya jawo, ta tashi a cikinsa. Washegari ya cika. An sallami McGehan daga baya, tunda dai lauyansa ya tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne.

Duk waɗannan bindigogin masana'anta ne, masu ƙarfe mai kyau da awo daidai. Abin da ya fi yawo a ƙauyukan Arewa kuwa, kamar yadda ake gani a teburin 'yan sanda duk ranar da suka yi holin masu laifi, ƙirar gida ce. Maƙeran ƙasar nan suna da basira, babu mai musu. Garin Awka na jihar Anambra ya yi suna a kan wannan sana'a tun zamanin Turawa. Amma basira daban, gwaji daban. Ƙaramar bindigar maƙera galibi mai cin harsashi ɗaya ce, gudumarta a waje, ba ta da makulli kowane iri, wata ko zoben da ke kewaye kunama ba ta da shi. Ɗan harshen da ke riƙe gudumar da hannu aka goge shi, daga ƙarfen da babu wanda ya auna taurinsa. Yau yana kamawa, bayan wata shida ya cinye, tsatsar gumi ta shiga, sai ya zamana girgiza kaɗai ta isa ta sake shi. Kuma da yake harsashi ɗaya ne, kuma sake ɗurawa aiki ne, jarabar a bar ta a ɗane ta fi ƙarfi a kan bindigar da ta fi kowace rashin cancantar a bar ta haka.

Abin mamaki, ƙasar Hausa ba baƙuwar ladabin bindiga ba ce. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa, kuma har yau magadansu ne ke cika filin hawan Sallah da hayaƙi da ƙara, albarushi zalla, baki sama. Maharba masu harba-ka-ruga, da sarkin bakansu, suna da nasu ƙa'idoji da ake gado. Doguwar bindiga a kafaɗa take, kowa na ganin inda bakinta ya dosa, kuma maharbin da ya san hannunsa ba ya ɗana ta sai ya ga nama. A ce yau tsohon maharbi ya ga saurayi ɗan sintiri ya ɗaga riga yana nuna abin da ke ƙugunsa, hirar ba za ta wuce haka ba:

"Baba, ai ɓarawo in ya tare ka ba zai ce maka shirya ba."

"Haka ne, yaro. Bana sau nawa ɓarawo ya tare ka? Babur ɗin nan kuma yau kaɗai sau nawa ka hau?"

Lissafin ke nan, kuma tsohon ya fi gaskiya. Abin da mai ɗana bindiga yake saye da wannan kasada daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. A cikin kube mai kyau, a hannun wanda ya horu, wannan daƙiƙa tana iya yin rana. A ƙarƙashin kaftani da 'yar ciki kuwa, ta riga ta salwanta wajen yaye riga da laluben mariƙin da ya karkace tun a kan hanya. Ɗan fashin da ya yi kwanto shi ya zaɓi wuri da lokaci, bindigarsa na hannu, kuma ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Mutumin da ya kai hannu ƙugu cikin firgici, da guduma a ɗane da kunama a buɗe, ya fi kusa da harbin cinyarsa a kan ya riga wanda ya riga shi saiti.

To me ya sa ba a sayen kuben? A garin da dukawa ke ɗinka kuben wuƙa da na takobi, a jihar da fatarta ta yi suna har Turai, ba rashin mai ɗinki ba ne. Doka ce. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Na maharba masu ɗuri ta baki, lamarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na farauta irin na masana'anta, sai da lasisin Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan ne dokar ta jera libarba da fistol kowace iri, har da ƙananan masu ƙanƙara irin na da, a layi ɗaya da bindigogin yaƙi da gurneti. Hukuncin wanda aka kama da ita ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ko lasisin na farautar ma, a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an dakatar da bayar da sabo. Kiran da gwamna ya yi a taro bai goge ko harafi ɗaya daga wannan doka ba.

Saboda haka talakan da ya riƙe ƙaramar bindiga ɓoyo yake yi, kuma mai ɓoyo ba ya son kube. Kube yana tudu a ƙarƙashin riga, ba ya jefuwa cikin gona da sauri in an hango shinge, kuma ko an yar da bindigar shi yana nan a ɗamara yana ba da shaida. Mai ɓoyo ba shi da filin da zai je ya koyi harbi, ba shi da malami, ba shi da maƙerin da zai kai wa gyara a fili. Ga kuma tsoron idon jama'a, wanda ba wasa ba ne: a watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe matafiya 16, akasarinsu maharba 'yan jihar Kano da ke kan hanyar komawa gida hutun Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. In doguwar bindigar maharbi ta jawo haka, mai ƙarama sai ya ƙara tura ta can ƙasan mazagi. Wato duk sharuɗɗan da suka sa ɗaukar bindiga a ɗane ya zama abin da za a iya karewa a Arizona, makulli da kube da horo, su ne daidai abubuwan da babu a nan. An kwaso ɗanawar, an baro sauran a can.

Malamai ma suna da abin faɗa, kuma ya girmi bindiga da ƙarnuka. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Sun ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, domin mutum bai san lokacin da Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hanin miƙa wa juna takobi tsirara. Ba a hana riƙe makami a waɗannan hadisai ba, abin da aka hana shi ne sakaci da kaifinsa a cikin mutane, kuma wuraren da aka ambata da suna, masallaci da kasuwa, su ne inda mutumin Ɗambatta yake yini. In kuwa aka yi rashin sa'a harsashin ya sami wani ya mutu, cewa "ban yi niyya ba" tana kawar da ƙisasi ne kawai. Kisan kuskure yana da diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, wanda ya haura kilo huɗu, kuma a mazhabar Malikiyya dangin mai laifin ne ake raba wa nauyin su biya cikin shekara uku. Shi kuma ga kaffarar azumin wata biyu a jere. Mutum ɗaya ya soke bindiga a ƙugu, zuri'a guda ta sayar da gonaki.

Amma mafi yawan lokaci wanda harsashin ke samu shi ne mai bindigar, kuma inda yake samunsa shi ne mafi munin wuri. Ta matsematsi babbar jijiyar jini take bi ta sauka cinya, kaurinta ya kai ɗan yatsa. In ta fashe, mutum yana iya zubar da jinin da zai kashe shi cikin 'yan mintoci. In raunin yana can ƙasa a cinya, ana iya ɗaure sama da shi tamau a tsayar da jinin. In kuwa a matsematsi ne, inda bakin bindigar da aka soke a gaba yake kallo, babu wurin ɗauri, sai dai wani ya cusa tsumma mai tsabta ya danne da dukkan nauyinsa har a isa asibiti. Ɗambatta tana da babban asibiti, amma ɗinkin jijiya da haɗa ƙashin da harsashi ya farfasa aikin Kano ne, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala, tafiyar awa guda ko fiye in hanya ta yi kyau.

Tun ƙarshen 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, ta kuma hana a tsangwami wanda ya taimaka ya kawo shi. Mutane da yawa ba su san da ita ba. Waɗanda suka sani kuma sun san ɗaya sashen nata, wanda ya ce asibitin ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. Ga wanda ɓarayi suka harba, wannan ba komai ba ne. Ga wanda bindigarsa ta tashi a wandonsa, ramin harsashin da ƙunar albarushin da ke jikin yadin sun riga sun ba da labari, kuma shekara 10 na jiran sa a bayan gadon asibiti. Shi ya sa a irin wannan dare 'yan'uwa sukan tsaya a zaure suna shawara, wani ya ce a kira mai kemis, wani ya ce a nemo wanzami ya ciro harsashin, wani ya ce a fara jefa bindigar a masai tukuna, shi kuwa mai raunin yana kwance a tabarma jini na tafiya.